Shekarar da Na Fara Shan Ruwan Damagaram

An gama yankan gero ana ɗaurin damma a ƙauyenmu da ke arewa da Tasawa lokacin da na haɗa kayana zan tafi Damagaram karatun jami'a, a ƙarshen shekarar 2024. Kayan ba su taka kara sun karya ba: jakar tufafi, da tabarma, da bargo, da buta, sai takardar shaidar cin jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, wadda na naɗe cikin leda na sa a can ƙasan jaka don gudun ƙura. Inna ta kwana tana daka, ta ƙulla mini garin gero da ƙuli-ƙuli da yaji da busasshen zogale, kowanne a ƙullinsa, tana yi tana lissafa mini abin da zai kai wata guda da abin da ba zai kai ba. Baba kuwa manomi ne da damina, da rani kuma mahaƙin rijiya, kuma shi ba mutum ne mai yawan magana ba. Shi ya raka ni har bakin kwalta a amalanke, ya ƙirga mini jika goma sha biyar, ya ba ni lambar wani amininsa baduku da ke unguwar Zango, wanda zan sauka a gidansa. Da mota ta tsaya, sai ya riƙe hannuna ya ce: "Ka riƙe salla, ka kuma kiyaye mutuncin mai masaukinka. Sannan tunda ka ce karatun ƙasa za ka yi, ka tambayo mini abu guda. Na taɓa zuwa haƙar rijiya wani ƙauye a gefen Damagaram, gaba bakwai kacal muka yi muka ci karo da dutsen da ya ƙi diga, muka kwashe kayanmu muka dawo ko laima ba mu gani ba. Har yau ban san dalili ba."

Na ce masa to, in Allah ya yarda. Gaskiya ban ɗauki maganar da nauyi ba a lokacin, domin hankalina yana kan garin da zan shiga, wanda ban taɓa kwana cikinsa ba.

Tsakanin Tasawa da Damagaram bai wuce kilomita 120 ba a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Diffa, amma motar haya ba ta san gaggawa ba, sai da muka yi kusan awa uku. Mun wuce Maijirgi, muka tsaya a Takeita inda hanyar Matamaye da Kano ta rabu, masu tallar gyaɗa da dafaffen ƙwai suka yanyame tagogi. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ga ina yawan leƙe, ya tambaye ni, "Yaro, baƙo ne kai?" Na gaya masa inda na fito da abin da zai kai ni. Da muka iso Tirmini sai ya nuna mini fili da hannu, ya ce a nan ne dakarun Sarki Amadu Kuran Daga suka gwabza da sojan Faransa a shekarar 1899, kuma daga ranar ne mulkin Damagaram ya fita daga hannun masu shi. Na karanta wannan a makaranta, na ma rubuta shi a jarrabawa, amma ban taɓa kawowa a raina cewa wuri ne da ake wucewa ta cikinsa a mota, ga awaki suna kiwo, ga yara suna wasa ba. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Rairayin da na saba da shi ya ja baya, sai ga duwatsu manya-manya, mulmulallu, wani a kan wani kamar an jera su da hannu, kuma har muka shiga gari ba su rabu da mu ba, domin wasu gidajen ma a jikinsu aka gina su.

Mai adaidaita sahu ya kai ni Zango bayan la'asar. Mai masaukina ya tarbe ni a zaure, yana zaune cikin warin jima da tarin jar fata, ya amsa gaisuwata da fara'a, ya tambayi lafiyar Baba da ta Inna da ta amfanin gona, sannan ya ce daga yau ni ɗa ne a gidan, in kira shi Kawu. Ya ba ni shagon da ke jikin zaure, mu biyu da wani almajirinsa mai koyon dukanci. Da magariba ta gabato, uwargidansa, wadda kowa ke kira Hajiya, ta aiko mini da ruwan wanka, sai na ga bokitin rabi ne. Na ɗauka yarinyar ce ta zubar a hanya. Almajirin ya lura da yadda nake kallon bokitin, ya ce mini a hankali, "Nan haka ake yi, ɗan'uwa. Kuma in ka gama kada ka zubar da na ƙasa, ana yayyafa wa tsakar gida." A ƙauyenmu rijiya tana da zurfi, jan guga wahala ne, amma ruwa ba ya yankewa, kuma ba a saye. Nan kuwa famfo yana iya kwana biyu ko uku bai ɗiga ba, 'yan garuwa suna tura kura cike da jarkoki lungu-lungu, farashin jarka yana hawa yana sauka gwargwadon yadda ruwan ya yi wuya. Darasin farko da na ɗauka a Damagaram ke nan, tun ban ga ƙofar jami'a ba.

Kwana uku na yi ina rajista. Da ba don wani ɗalibi ɗan yankinmu da ke shekara ta uku ba, wanda ƙungiyar ɗaliban yankin Tasawa ta wakilta don tarbar sababbi, da na yi mako ina zagaye, domin shi ya nuna mini inda ake buga hatimi a kwafin takardu, da inda ake ɗaukar hoto, da layin da ya kamata in fara bi tun da asuba. Daga bakinsa na fara jin tarihin wurin: an kafa jami'ar a shekarar 2010 tare da ta Maraɗi da ta Tawa, domin rage cunkoson da ke Yamai, kuma tana ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi haifaffen wannan gari, wanda ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991, ya rasu a 2022. Ya kuma bayyana mini tsarin karatun, cewa lisans, wato digirin farko, shekara uku ce, kowace shekara zango biyu, kowane zango kiredi 30, kuma kowane darasi da nasa nauyin. Na gyaɗa kai kamar na gane. Sai da aka yi wata uku kafin in fahimci abin da wannan lissafi yake nufi ga mutumin da ya yi sakaci da darasi guda.

Ranar da na fara shiga amfi, wato babban ɗakin lacca, ba zan manta da ita ba. Na isa da wuri a ganina, sai na tarar kujerun gaba duk an ajiye musu littattafai da jakunkuna, na samu wuri can baya kusa da ƙofa. Mun fi ƙarfin a ƙirga mu da ido. Malam ya shigo, bai kira suna ba, bai tambayi wanda ya zo da wanda bai zo ba, ya ɗauki makirfo ya fara magana, kuma bai tsaya ba sai bayan awa uku. A lise, wato babbar sakandare, malami yakan yi bayani, sannan ya ce a ɗauki alƙalami, ya yi shifta jimla-jimla har da waƙafi da aya, wanda ya rubuta ya haddace ya ci. Nan babu shifta. Na yi ƙoƙarin rubuta duk kalmar da ta fito daga bakinsa, kafin in gama jimla ɗaya ya wuce uku, na bar gibi na bi shi, na sake barin wani gibin, har na koma ina rubuta abin da ban san kansa ba balle gindinsa. Da dare na buɗe kayen, wato littafin rubutuna, a shago ƙarƙashin fitila, na ga shafi shida na rabin-rabin magana. Faransancin da na yi shekara goma sha uku ina koyo, wanda nake alfahari da shi a ƙauye, ya zame mini kamar igiyar guga da ta gaza kai wa ruwa.

Abin da ya fi damuna ma ba wuyar darasin ba ne. Rashin wanda ya san ni ne. A makarantar da na baro, in na yi fashin kwana ɗaya sai an aiko gida tambaya, malamai sun san sunana da na mahaifina. A nan kuwa in na kwanta a shago mako guda, babu wanda zai ce ina wane. Na ga waɗanda wannan sakewa ta ɗauke su tun watan farko, suka koma zaman shayi daga safe har dare, suna cewa za su yi fotokopin kayen wani idan jarrabawa ta matso, kuma da yawansu ban sake ganinsu ba bayan zangon farko. Ni ban bi su ba, amma ba don na fi su hankali ba ne. Kunyar Kawu ce ta hana ni, domin kullum bayan sallar asuba yakan buga ƙofar shago ya ce, "Ɗalibi, rana ba ta jira," kuma ba zan iya haɗa ido da shi ina kwance ba.

Hunturu ya shigo da ƙarfinsa a watan Disamba, hazo ya rufe duwatsu, leɓɓa suka tsage. A cikin wannan sanyi aka ba mu sakamakon gwajin farko, na samu 6 bisa 20. Ban taɓa samun ƙasa da 10 ba tun ina firamare. Na ninke takardar na sa a aljihu, na ƙi hawa mota, na taka da ƙafa har Zango, ina tafe ina lissafin yadda zan gaya wa Baba cewa jika goma sha biyar ɗinsa da gero buhu biyu da ya sayar sun tafi a banza. A daren na kira Inna, na yi niyyar in ce mata zan dawo, amma da na ji muryarta tana tambaya ko zogalen ya ƙare, sai na kasa, na ce mata komai lafiya.

Mafita ta zo mini ta hannun wani Bazabarme ɗan Doso da muke zama kusa da juna a baya. Shi matsalarsa daban ce: Faransancinsa ya fi nawa kaifi, ya iya taƙaita magana da alamomi da gajerun kalmomi, amma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, kuma a Damagaram wanda ba ya jin Hausa ko tumatir zai saya sai an ƙara masa kuɗi. Muka yi yarjejeniya ba tare da mun kira ta da suna ba. Ranar Alhamis, wadda ita ce babbar ranar kasuwa, nakan raka shi Kasuwar Dole in koya masa ciniki, in nuna masa cewa in an ce dala ashirin to tamma ɗari ake nufi, in an ce jika to dubu ce, kuma "albarka" ba zagi ba ne, gayyata ce a ƙara tayi. Shi kuma ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake sauraron malami: a bar ƙawar magana ta wuce, a kama kan batu, a rubuta dalili da misali guda, a bar fili a gefen shafi don cikewa da dare. Daga baya wani Babarbare ɗan Gure ya shigo cikinmu, sai wata ɗaliba 'yar Mirya wadda kayenta ya fi na kowa tsabta, wadda takan zo da safe ta koma gida da yamma tunda garinsu kilomita 18 ne kawai. Mu huɗu muka riƙa haɗuwa ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro bayan darasi, kowa ya kawo abin da ya kama, a haɗa a cike gibi. Ƙa'idarmu guda ce: duk wanda ya ce ya gane abu, sai ya maimaita shi da Hausa, ba tare da ya duba takarda ba. Nan ne asiri yake tonuwa, domin mutum yana iya haddace jimlar Faransanci ya zuba ta tsaf alhali bai san abin da ta ƙunsa ba, amma ba ya iya juya ta zuwa harshen uwarsa sai ya fahimce ta. Har Bazabarmen ma da wannan hanya Hausarsa ta zauna.

Kuɗi kuwa sun ƙare tun kafin sabuwar shekara, tallafin karatun da muke sa rai bai iso da wuri ba. Abincin rana a resto, wato ɗakin cin abincin ɗalibai, nake ci da tikiti, galibi shinkafa da wake ko taliya, bayan dogon layi; da safe in dama garin Inna, da dare Hajiya ta aiko da tuwo. Ban taɓa roƙon Kawu ba, amma ya gane, domin wata Asabar ya miƙo mini wuƙar yankan fata da wani kwali da aka yanka siffar takalmi, ya ce, "Zo ka taya mu, hannu da yawa maganin ƙazamar miya." Na ɓata fata biyu kafin hannuna ya faɗa. Tun daga ranar, Asabar da Lahadi ina zaure ina yanka da shafa gam, shi kuma a ƙarshen mako ya sa mini wani abu a aljihu ba tare da ya ƙirga a gabana ba. Da wannan na riƙa yin fotokopi da biyan kuɗin mota, har nakan sayi alkaki in aika wa ƙannena idan na samu mai zuwa Tasawa.

Kawu ne kuma ya fara kai ni Birni, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya ce ba zai yiwu in yi shekara a Damagaram ban san inda garin ya faro ba. Zango, in ji shi, masaukin fatake ne da ayarin raƙuman da ke tasowa daga Agadas da hamada su nufi Kano, shi ya sa har yau unguwar ta 'yan kasuwa da masu sana'a ce. Birni kuwa mazaunin sarauta ne. Muka bi ta lunguna masu ƙunci, tsakanin gidajen ƙasa masu zanko da zanen ado a fuskar zaure, wasu an sabunta su da launi, wasu suna zaizayewa. Ya nuna mini ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye garin da ita a ƙarni na 19, lokacin da Damagaram take ƙera bindigogi da igwa da kanta, ya nuna mini fadar Sultan da dogarai cikin jajayen riguna a ƙofa. Ya ba ni labarin kyaftin Cazemajou, Bafaranshen da aka kashe a garin a 1898, abin da ya jawo yaƙin Tirmini da dattijon nan na cikin mota ya nuna mini. Sai muka iso inda tsohon masallacin ƙasa yake, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ruwan sama mai yawa ya rushe shi a farkon Satumban 2024, makonni kaɗan kafin zuwana. Kawu ya daɗe tsaye bai ce komai ba. Da ya buɗe baki sai ya ce, "Ka ga ikon Allah. Garin da ke kukan ƙishirwa wata tara, shi ne ruwa ya rushe wa masallaci." Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ta haɗu da tambayar Baba, kuma ni da ke karatun ƙasa ba ni da amsar ko ɗaya daga cikinsu.

Azumi ya kama a watan Maris, zafi yana ƙaruwa kullum, kafin Afrilu ya wuce digiri 40 da rana. A wannan lokaci ne na san Damagaram ta gaskiya. Famfon unguwa ba ya kawo ruwa sai tsakar dare, saboda haka ni da almajirin Kawu mukan kai jarkoki shida mu sa a layi tun bayan tarawihi, mu zauna gadi. Nakan tafi da kayena da fitilar salula. Har yanzu ina iya ganin wurin: jarkoki rawaya a jere sun kai hamsin, kowace da alamar mai ita, wata an ɗaura mata tsumma, wata an rubuta suna da gawayi, mata suna gyangyaɗi a kan tabarmi, sai can wajen ƙarfe biyu famfo ya fara tari, ya fesar da iska, kowa ya miƙe. A bakin wannan famfo na karanta rabin darasin yanayi da na siffar ƙasa, kuma na lura abin da na karanta a can ya fi zama a kaina fiye da wanda na karanta a kan tebur.

Bayan ƙaramar salla malaminmu na ilimin siffar ƙasa ya fitar da mu fili. Da sassafe ya hau da mu kan ɗaya daga cikin duwatsun da ke gefen gari, inda ake hango Birni da Zango da sababbin unguwanni a shimfiɗe. Ya ɗauki gorar ruwa ya tsiyaya kaɗan a kan falalen dutsen, ruwan ya gangara bai bar komai ba sai ɗan duhun da rana ta shanye nan take. Ya sauka ƙasa ya tsiyaya a kan rairayi, ruwan ya nutse. Ya ce duk darasin yau ke nan, saura bayani ne. Garin Damagaram yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ake kira giranit, wanda ya miƙe gabas har ƙasar Muniyo, kuma wannan dutse ba shi da ƙofofin da zai adana ruwa sai a tsagoginsa da ɗan ruɓaɓɓen saman da ya narke. Ruwan saman da garin ke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 zuwa 500 ba, yana zuwa cikin wata uku, kuma idan ya sauko da yawa lokaci guda ba shi da inda zai shiga, sai ya bi kan dutse ya taru a tafkuna ya ci gidajen ƙasa. Shi ya sa ruwan da muke jira a famfo daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram, inda ƙasa take da rairayin da ke riƙe ruwa. Ya ƙara da cewa wahalar ruwa tana cikin dalilan da suka sa Turawan mulkin mallaka suka ɗauke babban birnin Nijar daga nan suka mayar Yamai a 1926. Ina tsaye a kan dutsen nan na ji tsigar jikina ta tashi, domin ga gaba bakwai ɗin Baba, ga masallacin Kawu, ga rabin bokitin Hajiya, duk sun fito daga abu guda. Na tsinci ɓallin dutsen na sa a aljihu.

Wani abu kuma ya faru a makon da ya biyo baya wanda ya ƙara kwantar mini da hankali. Ana cikin darasin ƙasar noma, sai malam ya juya ya rubuta kalmomi a allo cikin rubutun Faransanci, na duba da kyau sai na ga jigawa ce, da fadama, da gulbi. Ya ce masana ba su sami kalmomin da suka fi waɗannan dacewa ba, saboda haka da su ake amfani a rubuce-rubucen bincike kan ƙasar nan, kuma ya tambaya ko akwai ɗan manomi da zai bambanta mana su. Na ɗaga hannu daga can baya, karo na farko tun shigowata. Na faɗi yadda jigawa take da saukin noma amma ba ta riƙe danshi, da yadda fadama take da nauyi a hauya amma tana ba da amfani har da rani, da abin da ake shukawa a kowace. Muryata tana rawa, Faransancin yana tuntuɓe, amma malam ya saurara har na gama, sannan ya tambayi sunana. A daidai wannan lokaci ne ake ta muhawara a gari kan sabuwar dokar da ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a ƙarshen Maris na 2025, ɗalibai suna ta gardama a wuraren shayi kan ko za a iya koyar da kimiyya da ita. Ni dai a ganina tambayar ta zo a makare, domin mu huɗu mun yi wata huɗu muna yin haka ƙarƙashin dogon yaro, abin da ya rage shi ne a zauna a tsara kalmomin a rubuta littattafan, kuma wannan aiki ne babba da ba a gama shi da sanarwa.

Na ci zangon farko da ƙyar, darasi ɗaya sai da na sake rubuta shi a zagaye na biyu. Zango na biyu ya fi sauƙi. Da aka ba da hutu, damina ta riga ta zauna, na yi sallama da Kawu da Hajiya, ya ba ni takalma biyu in kai wa Baba da Inna, ita kuma ta ce in dawo mata da zogale. Hanyar da na bi cikin ƙura na dawo ta cikin kore, duwatsun Tirmini sun yi baƙi da ruwa, gero ya kai gwiwa.

Na tarar da Baba a gona ana noma na biyu. Bayan mun gaisa mun zauna a inuwar gawo, wanda a lokacin ya zubar da ganyensa kamar yadda yake yi kowace damina, sai na ciro ɓallin dutsen na miƙa masa. Ya juya shi, ya tofa masa yawu ya goge da yatsa, ya ƙwanƙwasa shi da bakin hauya ya saurari ƙarar, ya ce, "Shi ne. Wallahi shi ne." Na yi masa bayanin duk abin da malam ya faɗa, da Hausa, tun daga ruwan da ya gangara a kan falale har zuwa tsagogin da ke ɓoye ɗan abin da ya samu shiga. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama sai ya fara lissafa mini abin da yake ratsawa idan yana haƙa a ƙasarmu, rairayi, sai jar ƙasa, sai marmara, sai farin yumɓu, sai tsakuwa mai sanyi wadda in ka taɓa ta ka san ido ya kusa, da gaba nawa kowanne yake ci a rijiyoyin da ya haƙa daga nan har iyakar Mayayi. Na ciro kaye na fara rubutawa, ina barin fili a gefen shafi.

Ya dubi rubutun, ya ce, "To ita tsagar da ke cikin dutsen, ta yaya mutum zai gane inda take tun yana sama?"

Na ce, "Baba, wannan sai a shekara ta biyu za a koya mana."

Ya ce su dai a nasu sanin suri suke dubawa, da irin itatuwan da suka yi layi a wuri, amma a ƙasar dutse bai san ko haka abin yake ba, in na koma in tambaya. Sannan ya sa dutsen a aljihun rigarsa, ya miƙo mini hauya ya ce kunya goma sha biyu suka rage kafin azahar.